Wata uku da na koya wa kaina lissafawa daga ranar hukunci

Ƙarar aiki da ta taso daga Zariya, ko ta kora ce ko ta garatuti, a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa reshen Kaduna ake saurarenta, wanda bai gamsu ba kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna zai nufa. Duk sanda na karɓi irin wannan fayil, ranar da alƙali ya karanta hukunci nake fara rubutawa a bangonsa.

Sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata uku don ɗaukaka ƙara idan hukunci na ƙarshe ne, kwana 14 kacal idan umarni ne da aka bayar shari'a tana gudana. Daga ranar yanke hukunci ake ƙirge, ba daga ranar da kwafinsa ya zo hannu ba. Nan ne mutanenmu suke zamewa: ana jiran kwafi, ana shawara da 'yan uwa, ana haɗa kuɗin lauya, wa'adi kuwa yana tafiya. Sashe na 294 na tsarin mulki ya ce a ba kowane ɓangare kwafi cikin kwana bakwai, don haka a ranar nake rubuta wa magatakarda takardar nema.

Abin da ya fi cin mutane shi ne izini. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 a shari'ar Skye Bank da Iwu, ana iya ƙalubalantar hukuncin Kotun Ma'aikata, amma in ba batun haƙƙin ɗan Adam na babi na huɗu na tsarin mulki ba ne, ko shari'ar laifi, sai an nemi izinin Kotun Ɗaukaka Ƙara. Izinin da sanarwar ɗaukaka ƙarar, dukansu cikin wata ukun nan ake son su. Miƙa buƙata ba ya tsayar da ƙirge. Idan ba a saurare ta ba har wa'adi ya cika, sai na shigar da roƙo uku a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin ɗaukaka ƙara. Aka bar ɗaya, buƙatar ta rushe. Takardar rantsuwa kuma dole ta bayyana dalilin jinkiri dalla-dalla, a haɗa da hujjojin da ake son kafawa. “Ban san akwai wa'adi ba” ba ya ƙetarar da kowa.

Sanarwar ɗaukaka ƙarar kanta a rajistar Kotun Ma'aikata ake ajiye ta. Ita kaɗai ba ta hana a zartar da hukunci, sai an nemi dakatarwa daban.

Nakan faɗa wa mai ƙara tun zaman farko: “Malam, a shari'ar aiki Kotun Ɗaukaka Ƙara ce tashar ƙarshe, babu zuwa Kotun Ƙoli. Ka kawo mini takardunka cikin makon nan.”