15, 14, 10, kuma duk ba daidai ba

Talata, bayan Isha'i.

Sanyin Ngaundare na wannan wata ba ya jin lallashi. Da asuba na yi alwala ina cije haƙori, Inna ta dama koko na sha a tsaye da ƙosai huɗu, na saɓa jaka na fita neman tasin Dang, inda jami'armu take. Hazo ya rufe dutsen garin, sai inuwarsa kawai ake hange. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, kwamfutata a kan cinya na rungume ta kamar jaririya, don kilomita goma sha biyar ɗin nan akwai wuraren da mota ke tsalle.

Yau ranar tefe ce, wato aikin gwaji a ɗakin kwamfuta, kuma ni tun jiya na gama nawa. Ko in ce na ɗauka na gama. Abin da aka ba mu ba shi da wani nauyi: makin ɗalibai goma a kan 20, a rubuta fonksiyon (wato ɗan yankin shiri mai aiki guda) a harshen kwamfuta na C, da za ta fitar da muwayen ɗinsu, wato matsakaicin makin. Jiya da dare na rubuta, na ga kwampilata, wato manhajar da ke mayar da rubutun shiri, ta harhaɗa ta ba kuskure, sai wuta ta ɗauke, batirina kuwa ba ya riƙe caji. Na rufe na kwanta ban gwada ba.

Makin su ne 14, 16, 9, 7, 11, 12, 5, 13, 10, 8. Jimla 105, muwayen 10.5. Ko ƙanwata 'yar firamare za ta yi wannan a bayan takardar burodi. Na kunna nawa, allo ya ce 15. Abokina ɗan Marwa da ke zaune kusa da ni bai yi nasa ba (kullum haka yake, sai a ɗakin tefe yake tuna an ba da aiki), ya karɓi nawa a kile (filashin USB) ya zuba a tsohuwar kwamfutarsa mai manhajar rubuta C ta zamanin da, Dev-C++. Bai canza ko waƙafi ba. Tasa ta ce 14.

Nan fa kaina ya ɗaure. A ce na yi kuskure, wannan ba sabon abu ba ne. Amma kuskure ɗaya, rubutu ɗaya, ya haifi amsa biyu? Na fi rabin awa ina bin madaukin da ke tara makin, layi bayan layi, ina zarginsa, alhali bawan Allah ba shi da laifin komai. Mai laifin yana sama, layin da na fi yarda da shi duk cikin aikin:

int n = sizeof(maki) / sizeof(maki[0]);

Wannan dabarar tun shekarar fari muka haddace ta. sizeof girman abu take aunawa da okte, ma'aunin wuri a kwamfuta: jeri mai int goma (int lamba ce marar ɗigo), kowace int okte 4, duka okte 40, a raba da 4, goma ke nan. Kuma a cikin main, inda shirin ke farawa, haka take bayarwa, na gwada na gani. Amma ni a cikin fonksiyon na sa ta. Da na buga n a allo sai ga 2. A ta abokina 1.

Malaminmu yana zagayawa ya tsaya a kaina. Sauran yara Monsieur suke ce masa, ni dai Malam nake cewa, don kalmar nan idan ta shiga bakin Bahaushe "mushe" take komawa, kuma ba zan kira mutumin kirki da haka ba. Na ce, "Malam, jerina ya ƙanƙance." Bai ko taɓa madannai ba. Ya sa yatsa a ƙasan allo inda kwampilata ke zuba surutunta, ya ce in karanta da ƙarfi. Ashe tun jiya GCC, kwampilatata, ta faɗa mini, baƙi a kan fari: sizeof a kan jerin da aka miƙa wa fonksiyon girman manuni, wato adireshin jerin, zai ba ka, ba girman jerin ba. Gargaɗi ne, ba kuskure ba, kuma da Ingilishi yake. Ni kuwa na saba idan ban ga ja ba sai in wuce abina. Kunya ta kama ni sosai, don wata 'yar Kusiri da ke bayanmu ta ji komai, kuma ta yi dariya ba ta ɓoye ba.

Abin da ke faruwa shi ne, a C ba a miƙa wa fonksiyon jeri. Ko ka rubuta int maki[] a bakinta, ko ma int maki[10], kwampilata int *maki take karantawa, wato adireshin ɗakin farko kawai. Kamar Inna ta aike ka gidan Goggo ta rubuta maka kwatance a 'yar takarda, kai kuma aka tambaye ka faɗin gidan sai ka ɗauko awo ka auna takardar. A kwamfutata mai bit 64 takardar okte 8 ce, 8 a raba da 4 ya ba da 2, shi ya sa ta ɗauki 14 da 16 ta ce 15. Kwampilatar abokina ta bit 32 ce, manuninta okte 4, sai ta ɗauki makin farko shi kaɗai ta ce 14. Tasa kuwa tsufanta ya kai ko gargaɗin ba ta yi. Maganin ba wani abu ba ne, a ƙirga a main a miƙa adadin tare da jerin.

Na gyara, na kunna ina murmushi. Allo ya ce 10.000000.

Sifili shida reras, kamar yana rantse mini. Wannan kam ban nemi Malam ba, na gane da kaina bayan 'yan mintuna: 105 int ce, 10 int ce, idan int ta raba int sai a yar da abin da ya yi saura, kafin ma a zo maganar zuba amsar a float, ma'ajiyar lamba mai ɗigo. Rabin maki ya tafi tun a hanya. Na sa (float) a gaban jimlar, 10.5 ta fito. Sai na tuna a nan Kamaru 10 ce iyakar ci da faɗuwa. Da jimlar 99 ce, 9.9 za ta koma 9 ba wanda ya ji ƙararta, wanda ke jiran a tausaya masa a ɗaga shi ya rasa hujja.

Da azahar muka yi salla muka zauna wurin mai shayi a bakin titi. A nan ne aka yi rigimar da ta fi tsaya mini a rai. Akwai wata tsohuwar takardar jarrabawa da ke yawo a WhatsApp ɗin ajinmu, ba sunan makaranta a kanta, an yi ta ɗaukar hotonta har rubutun ya dushe. Tambaya ta uku ta ce i tana 0, me wannan zai buga:

printf("%d %d", i++, i++);

Ɗan Marwa ya ce 0 1, ai daga hagu ake karatu. Wani ya ce 1 0, shi yayansa ya faɗa masa daga dama C ke farawa. Aka sa kuɗin shayi. Na buɗe kwamfutata, GCC ta ce 1 0. Mai yaya ya fara miƙa hannu. Sai 'yar Kusirin nan ta fito da wayarta, ita a manhajar waya ta Termux take rubutu don ba ta da kwamfuta, kuma wata kwampilata ce daban a ciki, Clang. Ta buga, waya ta ce 0 1. Kowa ya yi tsit. Mai shayi da ba ruwansa ya tambaya cikin Fulatanci wa zai biya, aka rasa mai amsawa.

Muka kwashi maganar muka kai wa Malam, mun same shi zai hau babur ɗinsa. Ya cire hular kwano ya ce duk wanda ya rubuta tambayar nan, idan yana jiran lamba biyu, to shi ma ya faɗi. Tambayar ba ta da amsa. Ƙa'idar C ba ta ce a fara da hagu ko da dama ba wajen lissafa abin da ake miƙa wa fonksiyon. Wannan kaɗai da da sauƙi, sai a ce ɗaya daga cikin biyu. Amma a nan an canza i sau biyu ba tare da wata tsayawa a tsakani ba, wannan kuwa ƙa'ida ta ce ba ruwanta da abin da zai biyo baya. Ya ce mu raba abu uku a kanmu. Akwai wanda aka bar wa kwampilata ta zaɓa amma dole ta rubuta zaɓinta, kamar girman int. Akwai wanda za ta zaɓa ba sai ta faɗa wa kowa ba, kamar wanda za a fara lissafawa. Sai na ukun, wanda ƙa'ida ta wanke hannunta gaba ɗaya: ya buga lamba, ya mutu, ya yi aiki yau gobe ya ƙi, duk ba wanda ya saɓa alkawari. Ya mayar da hularsa ya ce mu riƙa sa -Wall -Wextra don kwampilata ta ƙara gargaɗi, ya tafi.

A tasi na dawowa wannan na ukun nake ta juyawa. Gaskiya da farko haushi ya ba ni. Wane irin harshe ne za a ce ga jimla ta harhaɗu, ta yi aiki, amma ba ta da ma'ana? Python da muka taɓa a shekarar fari, ka wuce iyakar jeri take za ta tsayar da kai ta gaya maka layin. C kuwa sai ta bar ka ka shiga gonar maƙwabci ka yi shuka. Sai dai da na tuna inda ta fito, haushin ya ragu. Dennis Ritchie ya ƙera ta a Bell Labs a Amurka wajen 1972, don rubuta Unix a kan PDP-11, na'urar da int ɗinta bit 16 ce, ba ta wuce 32767. Kowane ɗan bincike da za a ƙara, lokaci ne da wuri, su kuwa ba su da ko ɗaya na zubarwa. Da aka zo kafa mata ƙa'ida a 1989, na'urorin duniya ba su ma yarda da juna a kan yadda ake ajiye lamba mai ragi ba. Inda aka kasa haɗa kansu, sai aka bar wurin a buɗe, aka ɗora wa mai rubutu nauyin kada ya taka. Ban ce na yafe mata ba. Na dai daina ganin abin kamar mugunta.

Na iso gida ana kiran magariba. Inna ta yi tuwon masara da miyar kuka, Baba yana tabarma da rediyonsa. Ya ce, "Injiniya, yau me aka koyo?" Na ce, "Baba, yau na koyi cewa na'ura tana iya ba ka amsa alhali ba ta san amsar ba." Ya ce ai wannan ba sai an je jami'a ba, ya ga dillalai da yawa a kasuwar shanu. Inna ta ce a bar yaro ya ci abinci.

Bayan Isha'i da wuta ta dawo na zauna in tsokani abin da kaina. Na sa x ta zama 2147483647, iyakar int mai bit 32. Na buga x + 1, ya ba ni -2147483648, ya zagayo ta ƙasa, wannan na zata. A layi na gaba na tambaya ko x + 1 > x, inda 1 ke nufin e, 0 kuma a'a. Tunda na ga lamba mai ragi da idona, ai dole amsa ta zama 0. Ya ce 1. Layi biyu a jere, ɗaya yana ƙaryata ɗaya, fiskarsu ko gezau. Na jima ina kallon allon kafin ta faɗo mini. Cikowar int har ta zube yana cikin kashi na ukun nan. GCC ta ɗauka ni mutumin kirki ne da ba zai taɓa bari hakan ta faru ba, don haka ko lissafin ba ta yi ba, ta ce kowace lamba aka ƙara mata ɗaya ta fi da, ta rubuta 1 ta wuce. Da na ƙara -fwrapv, wanda ke sa ta yarda da zagayowar, sai ta koma 0. Da na sa -fsanitize=undefined kuma, shirin da kansa ya yi ƙara yana gudu, ya nuna layin, ya ce 2147483647 + 1 ba ta shiga int. Wannan na ƙarshen ya burge ni ƙwarai, ban san me ya sa ba a fara nuna mana shi tun makon farko ba.

Abin da ya dame ni yanzu shi ne ayyukan zangon da ya wuce. Duk na miƙa su ne da hujja ɗaya, cewa sun yi aiki a kwamfutata. Na buɗe na lissafin kayan shago, wanda na samu 16 a kansa har na yi ta fankama, na harhaɗa shi da -Wall -Wextra. Gargaɗi bakwai. Ɗaya a kan wata ma'ajiya da na fara tarawa a cikinta ban sa mata 0 ba, sa'a ce kawai ta sa ta yi ta tashi da sifili. Wani kuma ina gwada int da abin da strlen, mai ƙirga haruffa, ta dawo da shi, wanda ba ya ɗaukar ragi, kuma idan aka haɗa su -1 tana rikiɗa ta zama wata lamba mai tsawon jirgin ƙasan Yawunde.

Na gyara uku, barci ya fara fizgata. 'Yar Kusiri ta turo saƙo a rukunin aji tana tambaya, idan tambaya ta uku ta fito a jarrabawar gaske me za mu rubuta. Ɗan Marwa ya ce shi 1 0 zai sa ya bi GCC, tunda ita ce a ɗakin tefe. Na rubuta cewa ni zan ce ba ta da amsa in kawo dalili, na goge, na sake rubutawa, ban tura ba tukuna. Kuɗin shayin ma har yanzu ba a san wanda ya ci ba, ni na biya.