Fire Island: hutun bazara a tsibirin da ake barin mota a ƙetare

Wanda zai je Fire Island hutu, abu biyu ne za su juya shi: lokacin tashin jirgin fito, da nauyin abin da hannunsa zai iya ja. Tsibirin wani siririn zirin yashi ne mai tsawon kusan kilomita 50 a kudancin Long Island, a jihar New York ta Amurka. Tekun Atlantika na kudu da shi, ruwan Great South Bay na arewa, kuma a wurare da dama ba ka yin minti goma a ƙafa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Unguwanni 17 ne a kansa, babu titin kwalta da ya haɗa su. A lokacin bazara motocin da za ka gani 'yan kaɗan ne, na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu gyara.

Kuskuren farko shi ne zuwa tashar da ba ita ba. Tashoshin fito uku ne, kowacce da inda take kaiwa. Bay Shore ce ta Ocean Beach da Kismet da Saltaire da Fair Harbor da Ocean Bay Park. Sayville na kai mutum Sailors Haven da Cherry Grove da Pines. Patchogue kuma ta Davis Park ce da Watch Hill. Dukkansu suna kan layin Montauk na jirgin ƙasan LIRR, wanda ake hawa daga Penn Station a birnin New York, sau da yawa tare da canjin jirgi a tashar Jamaica ko ta Babylon. Ƙetarewa daga Bay Shore zuwa Ocean Beach kusan rabin awa ce. Ka bar tazarar aƙalla minti 30 tsakanin saukarka daga jirgin ƙasa da tashin na ruwa, domin tashar jirgin ƙasan ba a bakin ruwa take ba, kuma ranar Juma'a da yamma layin tikiti kan yi tsawo. Tun kafin ka taso ka rubuta lokacin jirgin ƙarshe na komawa. Jadawalin yana cika ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, bayan nan jiragen sukan ragu sosai.

Batun kaya shi ne inda ya kamata a zauna a yi lissafi. Da ka sauka, ba tasi ba bas, sai 'yar amalanke mai ƙafa huɗu da ake ja da hannu, wadda ta zama tambarin tsibirin. Ka tambayi mai gidan da ka kama haya ko zai bar maka ɗaya a tashar fito. Akwati mai ƙananan tayoyi yana tafiya a kan siminti da katako, amma da ya taɓa yashi sai ya kafe, ka koma ɗauka a ka. Manyan kaya, har da keke, jirgin dakon kaya ne ke ɗaukarsu, kuma lokacinsa daban. Komai na shagunan tsibirin ta ruwa ya shigo, don haka kuɗinsa ya fi na gari. Shinkafa, mai, kayan yaji, maganin da kake sha kullum, da naman halal idan daga Bronx ko Brooklyn ka taso, duk ka zo da su. Naman ya daskare tukuna, a jera shi a kula. Madara da burodi da ƙanƙara ka saya a can. Mai neman alƙibla ya fuskanci arewa maso gabas.

Unguwannin ba halinsu ɗaya ba. Ocean Beach ce mai yawan shaguna da gidajen abinci, ita ce kuma mai yawan dokoki, har ake mata kirari da garin “a'a”: ba a cin abinci a bakin teku, kuma ana taƙaita hawan keke a bazara. Mai iyali da ke son shiru, a ganina Fair Harbor ko Saltaire sun fi masa. Kada taswira ta ruɗe ka da cewa unguwanni na kusa da juna: kilomita biyu cikin yashi mai laushi da tsakar rana, da yaro a kafaɗa, aiki ne. Akwai tasin ruwa da ke zirga-zirga ta ɓangaren arewa.

Tuddan yashin da ke tsakanin gidaje da teku su ne katangar tsibirin. Saiwar ciyawar da ke kansu ce ke riƙe yashin. Aka tattake ta, iska ta kwashe tudun, ruwa ya samu ƙofa. A Oktoban 2012 guguwar Sandy ta tsaga tsibirin a Old Inlet. Saboda haka a bi matakalar katako kawai.

Akwai wani dalilin na tsayawa kan hanya. Barewa sun yi yawa, ba sa tsoron mutum, haramun ne kuma a ba su abinci. Kaskar da ke rayuwa a jikinsu ce ke yaɗa cutar Lyme, kuma ƙaramarta ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Kowane dare a duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da gashin kan yara. In an gan ta, a kama ta da matsefata daf da fata, a ja a miƙe a hankali, ba murɗawa ba ƙonawa. Jan tabo mai faɗaɗa ko zazzaɓi cikin wata guda, a ga likita. Tsiron da suke kira poison ivy, mai ganye uku-uku, shi ma yana nan gefen hanya, taɓa shi na kawo ƙuraje masu ƙaiƙayi.

A teku, a yi wanka a gaban masu ceto kawai. Idan igiyar ruwa ta fara janka ciki, kada ka yi kokawa da ita ka nufi gaɓa kai tsaye, nan ƙarfi ke ƙarewa. Ka yi iyo a gicciye, gaɓa na gefenka, har ka fita daga bakinta.

Ka ware safiya guda don Sunken Forest a Sailors Haven, daji ne da ya ɓuya a bayan tuddai, iska mai gishiri ta aske kan bishiyoyinsa daidai da tsayin tudun, wasunsu sun kai shekara 300. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1858 kuma tana kusa da Kismet, matakala 182. Wanda ba shi da kuɗin haya na mako zai iya ajiye mota a fili na 5 na Robert Moses State Park, wurin shaƙatawa a ƙarshen tsibirin ta yamma da ake isa ta gada, ya taka zuwa hasumiyar, ya wuce Kismet, ya dawo kafin magariba.