Abin da bel ɗin injin ya koya mini a hanyar Pitowa

Ƙannena masu sha'awar taɓa mota da hannunku, ni ba makanike ba ne, malamin makaranta ne a Garwa, a arewacin Kamaru. Shekaru na yi ina juye baƙin mai da kaina, ina canza filogi da takalmin birki a ƙofar gida, har maƙwabta suka fara tsayawa suna neman shawarata, ni kuma na fara ganin kaina a matsayin wanda ya san inji. Wannan ɗan sanin ne ya ja ni na kwance injin motata a tsakar gida bayan bel ɗin taimin ya lalace, kuma aikin da ya kamata ya ci mako guda ya ci mini wata biyu da kuɗin da har yau ba na son uwargida ta tuna mini da shi. Ba zan hana ku gyara a gida ba, domin aikin yana yiwuwa. Abin da nake so shi ne in nuna muku wuraren da na juya inji alhali bai kamata in juya shi ba, da kuma wuri ɗaya da ya kamata in juya shi amma na yi gaggawa na tsallake.

Motar Peugeot 206 ce mai injin fetur na lita 1.4, irin na hannu da ake shigowa da su daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Duwala. Makanikan garinmu suna kiran wannan bel da sunansa na Faransanci, wanda a kunnen Bahaushe yake fita kamar "kurwa", kuma tun abin da ya same ni na daina yi wa sunan dariya. Aikinsa shi ne ya haɗa karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasa, da kamshaf da ke buɗe bawul-bawul a sama, ta yadda duk juyi biyu na ta ƙasa, ta sama za ta yi juyi ɗaya, babu ƙari babu ragi. A injina da yawa, har da nawa, wurin da bawul ke saukowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke isa idan ya hau, kuma ba abin da ke hana su karo sai wannan lissafin lokaci da bel ɗin yake riƙe da shi. Da zarar ya tsinke ko haƙoransa sun zube, kamshaf sai ta tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin kuma su ci gaba da hawa su doke su.

Kuskurena na farko ya girmi ranar da abin ya faru da watanni. Na sayi motar ban san ranar da aka canza mata bel ba, kuma na yarda da lambar kilomita da ke gaban sitiyari kamar wahayi ce, alhali a motar hannu wannan lamba ba shaida ba ce. Kamfanoni suna ba da wa'adin canji da kilomita da kuma shekaru, duk wanda ya riga zuwa, domin roba tana tsufa ko mota tana ajiye. Mu kuma da muke ƙasar da zafin watan Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ya kamata mu rage wa'adin ne, ba mu ƙara ba. Ban da wannan, na daɗe ina jin wani ɗan gurnani daga gefen injin, ina kuma ganin ruwa yana raguwa a lagireto, sai in ƙara ruwan rijiya in wuce. Ban san cewa a wannan injin bel ɗin taimin ne yake juya famfon ruwa ba, kuma ruwan rijiya tsurarsa, ba tare da maganin da ke hana tsatsa ba, yana cin famfon sannu a hankali. Ranar da famfon ya cije, shi ne ya kankare haƙoran bel ɗin.

Wata Lahadi ce, ina dawowa daga kasuwar Pitowa, wani gari kusa da Garwa, da buhun masara a baya, injin ya mutu ba tare da wata ƙara mai tayar da hankali ba, motar ta gangara gefen titi. A nan na yi juyi na farko da bai kamata ba. Na murɗa makulli, na ji sitata tana gudu da sauri fiye da yadda ta saba, da wata murya mai laushi wadda babu tangarɗa a cikinta, sai na ɗauka alamar alheri ce, na sake murɗawa har sau biyar ko shida. Da wannan bai yi ba, na roƙi wasu samari suka tura ni, na saka giya ta biyu na saki kuloci. Ku riƙe wannan da kyau: sitata mai gudu sakayau tana gaya muku cewa injin ba ya matse iska, kuma abin da ya dace a lokacin shi ne a cire hannu daga makulli, a buɗe murfin roba na sama da ke rufe bel a duba. Wataƙila bawul ɗin farko sun lanƙwashe tun a daƙiƙar da bel ya saki, amma kowane juyi da na ƙara wata dama ce na ba fistin su sake duka. Da aka buɗe, shida cikin takwas sun karkace.

Wani maƙwabcina direban tasi ya kwantar mini da hankali da cewa shi ma nasa ya taɓa tsinkewa, aka saka sabo ya ci gaba da aiki a ranar. Gaskiya ya faɗa, sai dai motarsa Toyota Carina ce mai injin 4A-FE, wanda aka ƙera shi ta yadda fistin ba ya kaiwa ga bawul ko da bel ya tsinke. Dattawan da suka saba da tsohuwar 504 kuma sarƙa suka sani a wannan wuri, ba roba ba. Saboda haka kafin ku karɓi shawarar kowa, ku tambaye shi wane inji yake magana a kai. Ni ban tambaya ba, na sayi bel mafi araha a wani shago na ɗora, injin ya ƙi tashi, sannan na yarda cewa sai an sauke kan injin, wato ɓangarensa na sama da bawul ke ciki.

Shirin aikin ba shi da wuya, kuma a nan ban yi laifi sosai ba. A cire wayar batir, a juye ruwa da mai a cikin mazubi a kawar da su daga inda yara da awaki za su kai, domin ruwan sanyaya inji guba ne mai zaƙi. A ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo da wayar hannu kafin a cire. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A huda kwali a jera bawul da notuna bisa tsarin da aka ciro su, a kuma rufe injin da tsumma mai tsabta duk lokacin da aka tashi, domin ƙurar da ke shiga silinda a tsakar gida yashi ce mai cin ƙarfe.

Inda na yi ɓarna mafi girma shi ne bayan kan injin ya sauka. Wannan injin gangar jikinsa ta alminiyom ce, kuma ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikinta aka huda su ba. Bututu ne huɗu na baƙin ƙarfe da aka zaunar a ciki, ruwa yana zagaye su, kowanne da siririn zoben roba a gindinsa da ke raba ruwa da baƙin mai, kuma babu abin da ke danne su sai kan injin da notunansa goma. Shi ya sa masana ba sa ɗaga kan injin kai tsaye sama, sai su girgiza shi gefe har ya rabu da gasket, wato shimfiɗar da ke tsakaninsa da gangar injin, sannan nan take su danne bututun da manyan wasa (faifan ƙarfe masu huji a tsakiya) da noti kafin su taɓa komai. Akwai kuma ƙusa mai kaurin milimita 6 da ake zurawa ta wani rami a gangar injin ta shiga babban faifan ƙarfe na baya ta kulle karanshaf, da wata mai milimita 10 da ke kulle faifan kamshaf. Ni na saka ƙusar, amma da na ga baƙin gawayi a kan fistin biyu da ke ƙasa, sai raina ya ƙi, na zare ta, na ɗora sifana na juya karanshaf don su hau in goge su. Na ga ɗaya daga cikin bututun ya ɗan motsa, bai kai kaurin farce ba, na mayar da shi da tafin hannu na manta da zancen. Garin gyaran gira na rasa ido ke nan, amma ban sani ba sai bayan kwana goma sha biyu.

Kan injin kuwa na yi abin da na iya. Na kifa shi, na zuba kananzir a kowane gurbi, duk inda ya zurara na san bawul ba ya rufewa. Na sayi sababbi, na wasa su a mazauninsu da man wasa har da'irar ta fito fes. Abin da ban iya ba, kuma ba wanda zai iya a tsakar gida, shi ne auna ko fuskar kan injin ta banƙare, da duba ko hanyoyin da bawul ke zamewa a ciki sun tsage saboda dukan. Kuskuren da ake yarda da shi a wannan fuska bai wuce kaurin gashin kai ba, ido ba ya ganinsa. Wannan aikin masu injin gyaran ƙarfe ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada shi da na sake kwancewa. Na kai musu ne kawai domin wani abokina ya matsa mini, kuma sun sami hanya ɗaya a tsage.

Wajen ɗaurewa, na ari sifana mai awon ƙarfin ɗauri, kuma wannan ma shawara ce da ba na so ku raina. Notunan kan wannan injin ana fara ɗaure su daga tsakiya ana zagayawa zuwa waje, zuwa lamba 20 a ma'aunin Nm, sannan a ƙara wa kowanne juyin digiri 240, wato kashi biyu cikin uku na cikakken zagaye. Irin wannan ɗauri yana miƙar da notin, don haka sabo ya fi aminci, kuma dole a tsane ramukan daga mai da ruwa kafin a zura shi. Tazarar bawul, injin yana sanyi, milimita 0.20 ce a na shigar iska, 0.40 a na fitar hayaƙi. Waɗannan lambobi na wannan injin ne kaɗai, kowa ya nemi na tasa motar a littafinta.

Daren da na gama, zumuɗi ya ɗebe ni. Na ɗora bel, na ɗame shi da ƙiyasi, na zare ƙusoshin, na murɗa makulli. Injin ya tashi, yara suka yi ihu, uwargida ta yi guɗa daga madafa. Na lura ba shi da ƙarfi kamar da, amma na ce sabon aiki ne, zai saki jiki. Bayan kwana goma sha biyu na zaro sandar awon mai, na tarar da man fari-fari kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga cikinsa.

Da kunya na ja motar zuwa garejin wani dattijo a unguwar Yelwa. Ya dubi man, ya dube ni, ya ce, "Malam, ka juya shi kansa yana ƙasa, ko?" Na ce, "Baba, kaɗan ne." Bai ƙara magana ba sai ya sa yaransa suka fara kwancewa. Wannan karon har kaskon mai da fistin da bututun duka sai da suka fito domin a canza zobban roba huɗu waɗanda kuɗinsu bai kai na cefanen yini ba, ga sabon gasket, ga sababbin notuna, ga mai da matatarsa. Kafin su cire bel ɗina ya gwada ƙusoshin nan biyu, ta ƙasa ta shiga, ta sama ta ƙi, domin na kauce da haƙori ɗaya. Rashin ƙarfin da na ji ke nan, kuma da kaucewar ta fi haka, da sababbin bawul ɗin ma sun bi tsofaffin.

Na zauna a kan benci kwana uku ina kallon yadda yake aiki, kuma juyin da na tsallake shi ne wanda ya fi ba muhimmanci. Bayan ya ɗora bel, ba tare da ya lanƙwasa shi ko ya banƙare shi da sukuddireba ba, kuma hannunsa babu maiƙo, sai ya zare ƙusoshin, ya cire filogi, ya ɗora sifana a kan notin karanshaf ya juya a hankali ta fuskar da injin ke juyawa, zagaye biyu cikakku, yana sauraro da hannunsa. Ya ce idan ƙarfe ya taɓa ƙarfe hannu zai ji ya tsaya, sitata kuwa ba ta da wannan hankalin. Sannan ya mayar da ƙusoshin, suka shige ba gardama, ya sake duba ɗamewar bel ɗin, domin mai sako-sako yana tsallake haƙori, mai tsananin ɗauri kuma yana kuka yana kashe famfon ruwa. Ya jefar da bel ɗina mai araha, ya sa na sayo mai kyau tare da sabon famfo da ƙaramar tayar da ke ɗame shi, ya ce ukun nan tare ake canza su. A ƙarshe ya zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ya buɗe ƙananan notunan fitar da iska har ruwa ya fito babu kumfa.

Kafin ya rufe bonet ya karɓi farin fenti ya rubuta kwanan wata da lambar kilomita a kan murfin bel ɗin. Rubutun yana nan, nakan duba shi duk ranar da na auna mai, kuma da ƙanena ya sayi tasa motar ta hannu a bara, ban bar shi ya kai ta Marwa gaishe da iyaye ba sai da muka wuce garejin Baba aka canza mata bel da famfo.