Kafin ka ɗauki log: shawara kan alƙaluman ƙirge da na kuɗi

Ƙannena masu rubuta kundin digiri da masu aikin tantance bayanai, akwai alƙaluma iri biyu da na daɗe ina yi wa riƙon sakainar kashi, kuma su za ku fi cin karo da su. Na farko ƙirge: sau nawa aka kai yaro asibiti a shekara, mutum nawa aka kwantar da zazzaɓin cizon sauro a wata. Na biyu kuɗi: naira nawa gida ya kashe wajen jinya. Duka biyun ba sa sauka ƙasa da sifili, suna cunkushewa a ƙasa su ja doguwar jela ta dama, kuma sifili ya yi musu yawa. Wannan kamannin ya sa na riƙa ba su magani ɗaya: in ƙara 1 saboda sifili ba shi da log, in ɗauki log (logaridim, lissafin da ke matse manyan alƙaluma), in zuba a rigireshan (lissafin auna alaƙar wani abu da wani) na yau da kullum. Ashe kama da wane ba ta wane.

Dubi abin da ƙara 1 ke yi. A ce gida ɗaya bai kashe komai ba, maƙwabcinsa ya kashe naira 20,000. In ka rubuta a naira, tazararsu a log ta kai 9.9. In ka rubuta a dubbai, wato 20, ta koma 3.0. Gidajen ba su canza ba, mudun awo kawai ka canza, amma sakamakonka ya juya.

A ƙirge, mafari shi ne samfurin Poisson, mai ɗauke da sunan Bafaranshen da ya wallafa lissafinsa a 1837. Yana da sharaɗi mai tsauri: warwatsuwar alƙaluma (variance, wato yadda suka bazu daga matsakaici) daidai take da matsakaicinsu. Sharaɗin ya yi daidai da abin da Bortkiewicz ya ƙirga a 1898, wato sojojin Furushiya da harbin doki ya kashe, domin abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma mutuwar wannan ba ta jawo ta wancan. Ciwo ba haka yake ba. Yaron da gidansu ke bakin kududdufi, ba ya kwana cikin gidan sauro, zai dawo asibiti sau huɗu, ɗan'uwansa na wata unguwa bai zo ko sau ɗaya ba. Sai warwatsuwa ta zarce matsakaici nesa ba kusa ba.

Gwajin bai kai minti ɗaya ba, amma na yi shekaru ina tsallake shi. Bayan ka gudanar da Poisson, ɗauki ƙimar Pearson, wadda ke auna nisan alƙaluma daga hasashen samfurin, ka raba da ragowar darajojin 'yanci da manhaja ta nuna maka. In ya fito kusa da 1, madalla. In ya fito 4, ma'aunin kuskuren da kake gani rabin na gaskiya ne, kuma taurarin da manhaja ke sa wa sakamako mai ƙarfi, waɗanda suka cika maka shafi, da yawansu na bogi ne. Gyara iri biyu ne. Ko ka bar Poisson ɗin ka gyara ma'aunin kuskure, da umarnin vce(robust) a manhajar Stata ko quasipoisson a manhajar R, ko ka koma nagatif bainomiyal, da nbreg ko glm.nb, wanda ke barin warwatsuwa ta ƙaru da murabba'in matsakaici. A ganina, in tambayarka kawai ko gidan sauro yana rage yawan zuwa asibiti, na farkon ya isa, kuma ya fi jure kuskure. In kana son hasashen yara nawa ne za su zo sau biyar ko fiye, je ka na biyu.

Kada ka manta da faɗin filin da aka ƙirga. Asibitin da ke kula da mutum 5,000 ya ga marasa lafiya 50, wani mai kula da 50,000 ya ga 200: na farkon ne ya fi fama. Saka log na yawan jama'ar a offset, wato gurbin da ke gaya wa samfuri faɗin filin, ko ka ba exposure adadin kai tsaye a Stata. Haka asibitin da ya aiko rahoton wata 9 ba a jera shi da mai wata 12 ba tare da wannan gyara ba. Mai aiki da DHIS2, manhajar tattara rahoton asibitoci, kuwa ya kula, sau da yawa ba a adana sifili a cikinta, don haka gurbin da ka gani wayam yana iya zama babu mara lafiya, yana iya zama babu rahoto. Cike su duka da sifili na daga cikin kurakuran da suka fi ɓata mini aiki.

Yawan sifili kansa ba hujja ba ne na garzayawa samfurin rarar sifili da Lambert ta kawo a 1992. In matsakaici 0.5 ne, Poisson ma tana sa ran kashi 61 cikin ɗari su zama sifili. Fara gwada sifilin da ka gani da wanda samfurinka ya yi hasashe. In har akwai rara, tambayi kanka daga ina ta fito. Zuwan farko asibiti shawarar maigida da uwar yaro ce, komawa kuwa likita ke cewa a dawo. Wannan matakai biyu ne, kuma samfurin shinge na Mullahy, na 1986, don irinsa aka yi shi.

Kuɗi ne inda log ya fi cutar da ni. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fitar da shi. Shiga log abu ne mai sauƙi, amma mai tsara kasafi naira yake so. In ka juyar da hasashenka zuwa naira da exp kawai, wato kishiyar log, ba matsakaici ka samu ba, abin da ka samu ya fi kusa da adadin tsakiya. In warwatsuwar ragowa (tazarar hasashe da ainihin adadi) a log 1 ce, kuma ta bi siffar ƙararrawa, sai ka ninka da 1.65. Ka ce kowane mara lafiya naira 10,000, alhali 16,500 ne, magani ya ƙare shekara ba ta ƙare ba. Duan ya kawo dabarar gyaran wannan a 1983, sai dai maninki guda ɗaya yana yaudara in warwatsuwar kuɗin birni ta bambanta da ta ƙauye, kuma galibi ta bambanta.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce GLM, faɗaɗɗen rigireshan na Nelder da Wedderburn na 1972, da dangin gamma da mahaɗin log. Ba a taɓa alƙaluman ba, matsakaicin ne ake ɗaura wa log, don haka amsa a naira take fitowa. Gamma ba ta karɓar sifili, sai ka raba aikin biyu: logit, samfurin e ko a'a, ya faɗi yiwuwar a kashe kuɗi, gamma ta faɗi nawa a wurin waɗanda suka kashe, ka ninka biyun ga kowane gida. In kana shakkar dangin, yi gwajin Park yadda Manning da Mullahy suka gyara shi a 2001: ja layi tsakanin log na murabba'in ragowa da log na hasashe. Gangare kusa da 1 Poisson yake nuni, kusa da 2 gamma.

Akwai jarabar goge gidajen nan biyu ko uku da aka yi wa tiyata, don sun lalata maka zane. Duba takardar asali. In sifili ne ya ƙaru wajen shigarwa, gyara. In gaskiya ne, bar su, domin su ne suka ci kaso mai tsoka na kuɗin. Kuma in bayananka sun haɗa shekaru daban-daban, daidaita su da ma'aunin farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kafin komai.

Kada ka auna AIC (makin kwatanta samfurori) na samfurin da aka yi kan log da na wanda aka yi kan naira, ba mudu ɗaya ba ne. Jera hasashenka daga ƙarami zuwa babba, raba shi rukuni goma, a kowane rukuni ka ajiye matsakaicin hasashe kusa da matsakaicin abin da aka kashe. Rukuni na goma za ka fara dubawa, can samfuri ya fi gazawa.