Sharaɗi ɗaya da ya sa nake son lasisin GPL

Duk wanda ya zo yana yi wa mutanenmu tallan Linux ko LibreOffice, manhajojin da ke zama madadin Windows da Office, da hujjar cewa ba a biyan ko sisi, ɓata yawunsa kawai yake yi. Wa yake biya dama? Ka sayi kwamfuta ta hannu, kafin ka gama shan ruwan leda mai shago ya zuba maka Windows da Office da CorelDRAW, duk fasassu, ya ce ka ba yaro na goro. Mutumin da ya saba da haka me za ka gaya masa game da araha? Ni sana'ata haɗa intanet da gyaran kwamfutoci a makarantu da ƙananan ofisoshi, kuma ba kuɗi ne ya sa na damu da maganar lasisin manhaja irin GPL ba, wato ƙa'idar da mai manhaja ke gindayawa kan abin da za a iya yi da ita. Damuwata ita ce ranar da abu ya lalace, wa ke da ikon buɗe shi ya gyara.

Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai rubutun da mai shirya ta ya zauna ya yi, layi bayan layi, wanda duk mai ilimin abin zai karanta ya gane, har ya nuna ya ce ga inda kuskuren yake. Shi muke kira asalin kod. Sai kuma abin da ke fitowa bayan an juya wannan rubutun ya koma yaren na'ura, wanda kwamfuta ke ganewa amma mutum ba ya iya bi. Na biyun ake ba ka. Fasasshiyar Windows ɗin nan da ke kwamfutarka kwaɗon biyan kuɗi kawai aka cire mata, cikinta yana nan a rufe. Ko wanda ya fasa ta bai taɓa ganin asalin kod ɗinta ba.

An taɓa kirana wata makaranta mai zaman kanta, mako guda kafin a raba sakamakon jarrabawa. Wani matashi ya rubuta musu manhajar tara maki da buga katin sakamako, sun biya shi, sun yi shekaru suna amfani da ita lafiya lau. Sai kwamfutar ofis ta mutu. Faifan ajiyarta bai yi komai ba, na cire shi na sa a wata, komai na nan. Da muka kunna manhajar sai ta fito da ɗan akwati tana neman lambar izini, ashe ya ɗaure ta da tsohuwar kwamfutar. Shi kuma ya bar garin, lambarsa ba ta shiga. Shugaban makarantar na tsaye a kaina, riƙe da rasit, yana cewa, "Malam, ai mun saya, ga shaida." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, izinin amfani kuka saya, manhajar tana hannun mai ita." Da a ce ya bar musu asalin kod, gyaran bai wuce a cire layi biyu ko uku ba. Malamai suka kwana suna haɗa maki da kalkuleta.

Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da ya ga manya na yi ya kwaikwaya. Kuma irin wannan takaicin ne ya haifi tafiyar 'yantacciyar manhaja gaba ɗaya. Wajen 1980, a ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT da ke Amurka, aka kawo sabuwar firinta ta kamfanin Xerox mai yawan cije takarda. Tsohuwar da suke da ita, wani mai shirya manhaja a ɗakin, Richard Stallman, ya gyara manhajarta yadda in ta cije za ta aika wa masu jiran aiki saƙo, wani ya tashi ya je ya cire. Da ya nemi asalin kod na sabuwar don ya yi mata haka, sai aka hana shi. Wani masani a jami'ar Carnegie Mellon yana da shi, amma ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai nuna wa kowa ba. A watan Satumba na 1983 Stallman ya sanar da aikin GNU na rubuta manhajar da kowa zai iya buɗewa ya gyara, a 1985 ya kafa gidauniyar FSF mai kare 'yantacciyar manhaja, a 1989 kuma lasisin GPL na farko ya fito.

Dabarar da ke cikin GPL ita ce ba ta yi faɗa da dokar haƙƙin mallaka ba, da ita ta yi aiki. Mai manhaja yana nan a matsayin mai ita. Sai ya ce wa kowa: ka yi amfani da ita yadda ka ga dama, ka duba cikinta, ka gyara, ka ba wanda ka so, da gyaranka ko ba gyaranka. Sharaɗi ɗaya ne. In za ka miƙa wa wani, to ka miƙa masa tare da asalin kod, da wannan izinin da kai ma ka samu, ba tare da ka rage masa komai ba. In gyaran naka don amfanin kanka ne a ofishinka, ba wanda zai ce sai ka fito da shi. Kuma ba a hana ka karɓar kuɗi ba, mutane da yawa a nan suke kuskuren fahimta. Kamfanin Red Hat da Linux ya yi arzikinsa, har IBM ta saye shi a kan dala biliyan 34 a 2019. Ni abin yana tuna mini da rijiyar da aka yi waƙafi da ita a unguwa: ka sha, ka yi wanki, ɗan ga-ruwa ma ya cika jarkokinsa ya je ya sayar, amma ba wanda ya isa ya zagaye ta da katanga ya sa ƙofa.

Wani zai ce ai wannan magana ce a takarda, babban kamfani zai ɗauka ya yi gaba abinsa. Ga abin da ya faru da wata rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fito da WRT54G, shuɗiya da baƙi mai eriya biyu, waɗanda suka daɗe a wannan sana'a duk sun san ta. A 2003 Cisco ta sayi Linksys a kan dala miliyan 500. A shekarar ce wasu masu bin diddigi suka leƙa manhajar da ke cikin rautar, suka tarar Linux ne da wata ƙaramar manhaja mai suna BusyBox, dukansu a ƙarƙashin GPL, kuma kamfanin bai ba kowa asalin kod ba. Linus Torvalds ya fara rubuta Linux yana ɗalibi a Helsinki a 1991, ya sa shi a GPL a 1992, saboda haka sharaɗin nan yana bin Linux duk inda ya shiga. Aka yi ta matsa wa kamfanin lamba, da FSF a ciki, har ya saki kod ɗin.

Daga nan abu ya kuɓuce musu ta hanyar da ta amfani kowa, har da su. A 2004 aikin OpenWrt, manhajar da ake ɗora wa rauta a madadin ta kamfani, ya fara a kan wannan kod, ga irinta DD-WRT, ga Tomato. 'Yar rautar gida mai megabait 4 na ajiya da 16 na ƙwaƙwalwa ta koma tana yin ayyukan da a da sai na'ura mai tsada. Da Linksys ta canza manhajar sabbin samfurin zuwa wata rufaffiya a 2005, masu saye suka yi ca, sai ta fito da WRT54GL mai Linux, kuma ta fi shekara goma tana sayar da ita. Duk da haka ba a rabu lafiya ba: a Disamba 2008 FSF ta kai Cisco kotu kan wasu kayan Linksys, aka sasanta a 2009, Cisco ta yarda za ta naɗa jami'in da zai riƙa lura da bin lasisin. A Jamus ma wata kotu a Munich ta tabbatar tun 2004 cewa GPL tana da haƙora, a ƙarar da Harald Welte ya shigar da kamfanin Sitecom.

Albarkacin wannan rigimar nake ci har yau. Tsohuwar rautar da kamfaninta ya daina kula da ita, in tana cikin jerin waɗanda OpenWrt ke ɗauka, sai in jona ta da waya a laftof, in ɗora mata sabuwar manhaja, in zauna ina kallon fitilarta na ƙiftawa ina addu'a kada a ɗauke wuta, don in aka ɗauke a tsakiyar aikin tana iya zama gawa. In ta farfaɗo, sai in raba layin malamai da na ɗalibai, in ƙayyade wa kowa abin da zai ja, yadda mutum ɗaya mai sauke fim ba zai shanye datar wata guda a yini biyu ba. Ba wanda na nemi izininsa, ba kuma wanda na cuta.

Akwai wasu lasisin da suka fi GPL sassauci, irin su MIT da BSD da Apache. Su cewa suke yi ɗauki ka yi abin da ka so, har ka rufe ka sayar, ka dai bar sunan masu ita a jiki. Abokan sana'ata matasa sun fi son su, wai ba ciwon kai. Ban raina su ba. DHIS2 da ake tattara bayanan lafiya da ita a Nijeriya, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta, lasisin BSD gare ta, kuma tana aiki. Amma ku ji labarin MINIX. Farfesa Andrew Tanenbaum na Amsterdam ya rubuta ta a 1987 don koyar da ɗalibai, daga baya aka sa ta a lasisin BSD. Kamfanin Intel ya ɗauke ta ya dasa a wani ɓoyayyen sashe na cikin kwamfutocin zamani, sashen da mai kwamfutar ba ya gani, ba ya kuma iya taɓawa. Shi kansa farfesan sai a 2017 ya ji labari a kafafen yaɗa labarai. Ya rubuta wa Intel buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa bai ji haushi ba, amma da an sanar da shi da ya ji daɗi. Intel ba ta karya doka ba ko kaɗan. Sai dai mu da abin yake cikin kwamfutocinmu ba mu samu komai daga 'yancin da ya bayar ba, a hannun Intel ya tsaya. Da GPL ce, da dole asalin kod ɗin ya iso gare mu.

Ita ma GPL ɗin an gano mata ƙofar baya. Kamfanin TiVo, mai na'urar naɗar shirye-shiryen talabijin, ya bi doka ya saki kod, amma ya ƙera na'urar yadda ba za ta karɓi manhajar da ba shi ya sa mata hannu ba. Ga kod a hannunka, ka gyara, ba inda za ka ɗora. Don toshe wannan aka fito da GPL ta uku a 2007, amma Torvalds ya ce shi bai yarda ba, Linux ya ci gaba da zama a ta biyu. A nan ina ganin Stallman ya fi shi gaskiya, kuma shaidata tana aljihun kowa. Duk wayar Android a kan Linux take. Ka shiga saitin wayarka, wajen bayanan waya, ka nemi sashen bayanan doka, za ka ga lasisin a jere. Amma yawancin wayoyin a kulle suke, kuma da zarar kamfani ya daina aiko da sabuntawa, lafiyayyar waya ta fara tsufa ke nan. Yaran da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano suna iya ɗaga ƙwayar da ba ta kai farce ba su mayar da wata. Ba basira suka rasa ba, hanya aka toshe musu.

Kada kuma wani ya ɗauka buɗaɗɗen kod yana nufin wani na dubawa. A Maris 2024 aka gano an dasa ɓoyayyiyar hanyar kutse a xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne ke ɗawainiya da ita kyauta, ya gaji, wani ya shigo da sunan taimako ya yi shekara biyu yana neman yarda kafin ya yi aika-aikarsa. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shiga wata kwamfuta na ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin. An yi sa'a. Amma sa'ar ta yi amfani ne don yana da damar buɗewa ya karanta.

A dokar Nijeriya manhaja tana cikin abubuwan da haƙƙin mallaka ya rufe, kuma haƙƙin yana fara zama ne a hannun wanda ya rubuta, sai in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Shi ya sa yanzu duk makarantar da ta nemi shawarata kafin ta ba wani kwangilar manhaja, nake cewa a rubuta abu uku a takarda kafin a biya kafin-alƙalami: zai miƙa asalin kod a filas tare da bayanin yadda ake ɗora shi, makaranta na da ikon ba wani ya gyara, bayanan ɗalibai kuma za a iya fitar da su a fayil ɗin da kowace kwamfuta ke buɗewa. Wasu masu rubuta manhajar sukan ɓata rai, su ce za a sace musu aiki a kai wata makarantar. Nakan ce musu su ƙara kuɗin aikin, su kuma sa kuɗin kula duk zangon karatu, don makarantar da ta ji daɗin aikinka kai za ta fara nema kafin kowa. Akwai wanda ya ƙi, ya tafi abinsa. Akwai kuma wanda ya yarda ya sa tasa a GPL, yanzu wani ɗalibin makarantar da ya gama sakandare ne ke ƙara mata shafin biyan kuɗin makaranta, shi kuma yana duba aikin yaron kafin a ɗora.