Douglass ya ƙi, Shields Green ya bi tsoho

Tun jiya da daddare labarin nan yake ta min yawo a ka. A watan Agusta 1859 John Brown, wani bature da ya tsani bauta kamar me, ya kira Frederick Douglass su haɗu a ɓoye a wani tsohon wurin fasa dutse kusa da garin Chambersburg a Amurka. Shi fa Douglass bawa ne da ya gudo tun 1838, zafin bulala a jikinsa ya sani ba labari aka ba shi ba.

Brown ya ce zai kai hari rumbun makaman gwamnati da ke Harpers Ferry, bayi su samu bindiga su tashi. Douglass ya ce masa wannan tarkon ƙarfe ne, in ka shiga ba ka fitowa da rai, suka yi ta ja-in-ja har washegari, tsohon, wato Brown, har rungume shi ya yi yana roƙo amma ina, Douglass ya tsaya kan bakansa. To akwai wani Shields Green da ya rako shi, shi ma gudajjen bawa ne, da aka tambaye shi sai kawai ya ce shi dai zai bi tsoho. Wallahi nan ne jikina ya yi sanyi, mutumin da ya riga ya tsira fa, ya koma da ƙafarsa.

Ranar 16 ga Oktoba suka kai harin, abin ya watse, aka rataye Brown 2 ga Disamba, Green kuma bayan sati biyu. Douglass ya tsallaka Kanada daga nan sai Ingila don ana nemansa, yana can 'yarsa Annie mai shekara 10 ta rasu.

Ni gaskiya ban ga laifinsa ba, lissafinsa daidai ne kuma bakinsa ya yi wa bayi aiki shekara da shekaru. Amma da alama abin bai bar zuciyarsa ba, don a 1881 ya je Harpers Ferry ɗin ya yi jawabi, ya ce shi ya iya rayuwa saboda bawa, Brown kuwa ya iya mutuwa saboda bawan. Andrew Hunter, lauyan gwamnatin da ya gurfanar da Brown, yana zaune a wajen, da aka gama ya taso ya ba shi hannu.