Ranar da na fara gyaran kujerun Baba

Yau Asabar ban koma barci ba bayan sallar asuba, domin tun makon jiya na ƙudurta fito da kujerun marigayi Baba guda huɗu daga ɗakin ajiya, inda suka daɗe a jingine ƙarƙashin tsofaffin tabarmi da buhunan gawayi. Kujeru ne masu hannu, na katakon maɗaci, kuma Hajiya ta ce da kuɗin Udoji ya saye su, wato ƙarin albashin nan da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi wa ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da rediyo da babur da kujerun falo suka shiga gidajen da a da ba su da su. Ke nan sun kai shekara hamsin a duniya ko sun kusa. Kwanakin baya na kira wani mai yin kushin ya yi mini kuɗin gyaransu, sai ya yanka abin da ya kusa cinye albashina na wata, sannan ya kawo shawarar in bar masa su ya haɗa mini sababbi in yi masa ciko. Yadda yake shafa hannun kujerar yana wannan magana ya isa ya nuna mini cewa shi ne zai ci riba a musayar.

Da gari ya waye na shimfiɗa su a tsakar gida, na kakkaɓe ƙura da yanar gizo, na dudduba su ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna nan daram, ɗaya ƙafarta ta baya tana rawa, ta huɗun kuma ƙwaro ya huda gindin ƙafafunta, har gari yana zubowa idan an ƙwanƙwasa. Wani ya taɓa shafe su duka da shuɗin fentin mai, irin wanda ake yi wa ƙofa da taga, sai ya rufe jan katakon gaba ɗaya. Ledar mazaunin ta tsage, audugar rimin da ke ciki ta dunƙule ta yi baƙi, igiyoyin robar da ke riƙe da ita kuwa sun bushe sun tsintsinke. Abin da ya fi jan hankalina shi ne mahaɗar katakon. Babu ƙusa ko ɗaya a jikin ƙashin kujerar. An fafe rami a wannan sanda, an sassaƙe kan waccan daidai da ramin, an cusa da gam. Yawancin kujerun da ake jerawa a bakin titi yanzu farin katako ne mara nauyi da aka harhaɗa da ƙusa, aka lulluɓe shi da soso da yadi mai walƙiya don kada mai saye ya ga cikinsa.

Kafin in tafi kasuwa na biya wurin tsohon kafintan unguwarmu, wanda ido ya sa ya rage aiki, amma har yanzu ba ya rabo da bencinsa. Na kwatanta masa ƙafar da ke rawa, na tambaye shi ko in ƙarfafa ta da ƙusa. Ya ce, “Ɗana, kada ka kuskura. Maɗacin da ya bushe haka, ƙusa tsaga shi za ta yi.” Ya bayyana mini cewa hunturu ne ya tsotse danshin katakon ya sa shi ya tsuke, tsohon gam kuma ya mutu, don haka maganin shi ne a zare ƙafar, a kankare mataccen gam har sai an ga tsiraran katako, a sa sabo, a ɗaure. Ya ara mini kurfi da filaya, ya kuma hana ni sayen abin matse katako na ƙarfe, ya ce tsohon tub na babur da aka yayyanka ya wadatar.

A kasuwar Ƙofar Ruwa na sayi samfefa kala uku, mai lamba 80 da 120 da 220, da ƙaramar robar gam ta Top Bond, da gwangwanin banish, da tina ta tsinka shi, da ƙananan ƙusoshin kushin. Waɗannan duka ba su ci wani kuɗi ba. A wurin soso ne na daɗe, kuma a nan na yarda in saki hannu. Soson kujera ba a gane shi da ido, sai an ɗaga an ji nauyinsa, an danna da babban yatsa an ga saurin da yake dawowa. Mai arahar yana da laushi da ban sha'awa a shago, amma kafin a kai wata sallar ya lotse, mutum ya riƙa jin katako a ƙarƙashinsa. Mai shagon ya nuna mini na Vitafoam da na Mouka. Shi kamfanin Mouka ma a nan Kano ya samo asali a 1959, da sana'ar gadon ƙarfe da kayan ɗaki, kafin ya koma yin katifa. Dabarar da ta rage mini kuɗi ita ce tambayar ragowar da ake yankewa daga manyan faranti, domin mazaunin kujera ɗaya bai kai yadi ɗaya ba ta kowane gefe, kuma irin waɗannan guntaye suna nan jibge a bayan shago. Na samu huɗu masu kaurin inci 3, ƙaƙƙarfa, a farashin da bai kai na cikakken farantin mai araha ba.

Yadi kuwa a Kantin Kwari na saye shi. Uwargida ta so karan-miski ruwan zuma, amma karan-miski a garin da ƙura ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa wata uku a jere wahala ce kawai, ga yara da hannun miya. Na zaɓi wani yadi mai kauri irin na labule, ruwan ƙasa mai duhu, wanda saƙarsa ba ta buɗewa idan an ja shi. Ƙarshen bandir ne, saboda haka mai rumfar ya yi mini rangwame ba tare da doguwar ciniki ba.

Na dawo ana kiran azahar. Bayan na yi sallah na ci abinci, sai na tura yara gidan kawunsu, saboda tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, kuma tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 kowa ya san ɓarnar da gubar dalma ke yi wa ƙananan yara. Na ɗaure hanci da baki da ƙyalle, na yayyafa wa fentin ruwa don kada ƙurarsa ta tashi, na shimfiɗa buhu a ƙasa ya tare abin da ke zubowa. Da fasasshen gilashin taga na yi kankarar, kamar yadda kafintoci ke yi: a riƙe shi a ɗan karkace, a riƙa janyo shi zuwa jiki, idan bakinsa ya dakushe a ɗauki wani. Shuɗin yana tashi a nannaɗe, jan maɗaci yana bayyana a ƙarƙashinsa. Daga nan na bi da samfefa, mai kaushin da farko, sannan matsakaiciyar, ina bin tsawon zanen katakon, domin duk gogar da aka yi a gicciye banish zai tona ta daga baya. Wannan aiki ba ya buƙatar gwaninta, haƙuri da kafaɗa yake ci, kuma shi ne rabin kuɗin da mai kushin ya nema. Zuwa la'asar kujera biyu kaɗai na iya gamawa, musamman saboda lungunan da ke tsakanin sandunan jingina, inda sai da na naɗe samfefar a jikin fensir.

Ƙafar da ke rawa ta fita da ɗan bugu na guduma a kan guntun katako. Na kankare ramin da kurfi, na shafa gam a ɓangarorin biyu, na cusa, na naɗe da robar tub ina ja da ƙarfi har gam ya tsatso ta gefe, na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma tun bai bushe ba. Za ta kwana a ɗaure, ba mai zama a kanta sai ta cika yini da kwana. Ita kuwa wadda ƙwaro ya ci, na ɗura kananzir a hudojin da sirinji, na ajiye ta a rana. Idan ta sha iska zan kwaɓa garin katakon da na tara da gam in toshe su, tunda garin nata ne, launin zai zo ɗaya.

Hajiya ta fito alwala ta tarar da ni a tsugune. Ta tsaya ta dubi kujerar da aka kankare, ta ce haka take ranar da aka kawo ta a kura, ta kuma tambaya ko wani fentin zan sake shafawa. Na ce, “A'a Hajiya, banish kawai zan sa, a bar katakon a fili.” Ta ce hakan ya fi, ta wuce.

Da yake mazaunan suna cirewa daga jikin kujerun, kafin magariba na samu na ɗinke ɗaya don in gwada hannuna. Na zare tsofaffin ƙusoshin da filaya, na zubar da audugar rimin, na saƙa sababbin igiyoyin roba a kan firam ɗin, wasu a tsaye wasu a kwance suna ratsa juna, kowace na ja ta sosai kafin in kafe. A kansu na shimfiɗa buhun algarara don kada robar ta yanke soson, sannan na ɗora soson da na yanka da wuƙar kicin mai kaifi, na bar shi ya ɗan zarce firam ɗin da kamar rabin inci ta kowane gefe. Wajen jan yadi ne aikin yake da ƙa'ida. Ana fara kafe ƙusa ɗaya a tsakiyar gaba, a ja a kafe ta tsakiyar baya, a yi haka hagu da dama, sannan a riƙa tafiya zuwa kusurwa kaɗan-kaɗan, wannan gefe da wancan a jere. Wanda ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗaya zai ga yadin ya karkace ya yi tattara. Kusurwoyin su ne na ƙarshe, a ninke su kamar yadda ake ninke bakin ambulan, a yanke rarar da ke ciki don kada su yi tudu.

Banish ban taɓa shi ba yau, domin da yamma iska ta taso da ƙura, kuma duk abin da ya sauka a kan ɗanyen banish ya zauna ke nan. Gobe da sassafe, in Allah ya kai mu, zan yayyafa ruwa a zaure in shigar da kujeru biyun da na gama kankarewa, in bi su da samfefa mai lamba 220, in goge, in yi shafin farko da banish ɗin da aka tsinka da tina don katakon ya sha. Shafi na biyu sai na farkon ya bushe ƙarau. Na lissafa abin da na kashe bayan isha'i, har da kuɗin adaidaita sahu, na ga bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mai kushin ya nema ba, kuma fiye da rabinsa soso ne ya ci. Saura kankarar kujera biyu da ɗinkin mazauni uku, sai kuma in mayar wa tsohon kafinta kurfinsa da filayarsa tare da ɗan goro.